Yaya Mai Zare, Ba Ke Kika Toshe Ba

Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinSa, Yaya, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya ɗauki ranki a ɗakin ɗinkinki, kina zaune a kujerarki, allura na hannunki. Shekarunki sittin da uku. 'Yarki ta fari ce ta dawo daga aiki ta tura ƙofa, ta same ki kin jingina kai da bango kamar mai gyangyaɗi. Ta ce har ta fara yi miki tsiya a kan barcin rana, ke da kike faɗa da masu yin sa, sai da ta taɓa hannunki ta ji shi da sanyi alhali ɗakin yana da ɗumi. Likita ya ce hitar gas ɗin da kika kunna don jin ɗumi ce ta cinye iskar ɗakin, ta bar miki wata muguwar iska marar wari marar launi, wadda ke sa mutum barci ya wuce daga nan.

Ni ne ƙaninki, autan ɗakinmu, wanda kika goya a bayanki lokacin da ke kanki ba ki wuce goyo da nisa ba. Na so in rubuta miki irin ta'aziyyar da ake rubuta wa mutanen kirki, in jera alherinki in yi addu'a in ajiye alƙalami. Ba zai yiwu ba. Tun kwana biyu bayan an binne ki ake yawo da wata magana a gidan benen nan da kika zauna shekara talatin, ana cewa ke da kanki kika toshe kafar iskar ɗakinki, wai aikin da kika koya wa kowa shi ya ci ki. A lokacin ni kaɗai na san wannan magana ƙarya ce. Na kuma san gyara ta na iya raba ni da 'ya'yanki har abada, su da ba su da wani kawu sai ni. Zan zo kanta. Amma bari in fara faɗa wa waɗanda ba su san ki ba ko wace ce aka rasa.

Tela ce ke, ɗinki ne sana'arki, da shi kika riƙe yara biyu bayan rasuwar mahaifinsu. Sai dai a gidan nan mai sassa goma sha biyu ba wanda ke kiranki tela. Mai Zare ake ce miki, kuma sunan ya samo asali ne daga sanyin shekarar da kika zama uwar marayu. Autanki yana da ciwon ƙirji a lokacin, tari ba dare ba rana, kina kunna hita amma ɗakin ya ƙi ɗumi. Kin ba ni labari cewa wata safiya kina zura zare a allura kusa da taga, sai kika ga bakin zaren yana rawa, ga taga kuwa a rufe ruf. Kika tsinke zare kamar tsawon taƙi ɗaya, kika riƙe shi da yatsu biyu, kika bi gefen tagar da shi a hankali. Inda ya tsaya cak, lafiya. Inda ya yi rawa, nan iska ke shigowa. Kafin azahar kin gano wuri tara a ɗaki ɗaya. Kika ce ashe duk kwanakin nan titi kike ɗumamawa, yaronki na kwance yana karkarwa.

Daga nan kika shiga neman dabara, kuma ba ki taɓa sayen wani abu mai tsada ba. Tsohon tub na tayar mota kike yankawa siri-siri ki manna a gefen taga da gam, yadda in an rufe za ta matse. Ƙyallayen da suka rage a ɗinki kike haɗawa ki ɗinka wani dogon abu kamar matashi siriri, ki cika shi da busasshen yashi, a shimfiɗa a ƙasan ƙofa ya tare iska. Yaran gidan suka sa masa suna macijin Mai Zare, sunan kuma ya bi shi. Tsofaffin barguna kike yi wa labule shafi da su. Tsagar bango kike cikewa da abin da magina ke liƙe gilashi da shi, ki shafe da babban yatsa har sai an rasa inda take. Wannan shafewar kuwa kin ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai. Kullum kina cewa aikin da aka ga ɗinkinsa bai ƙare ba.

Da kika gama da sashenki sai kika tsallaka na maƙwabta, ba wanda ya gayyace ki. Duk farkon sanyi za a ji ki a matakala, zare a hannu, tef na awo a wuya, kina buga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun so abin, wasu sun ga shisshigi ne, ke kuwa ko a jikinki. Matar direban da ke hawa na ƙasa ta gaya mini a wurin makoki cewa ranar da ta dawo daga asibiti da jariri, ta tarar kin riga kin karɓi makulli a hannun mijinta, kin liƙe tagogi, kin rataya labule mai shafi, kin ajiye maciji mai launin shuɗi a ƙofa. Ta ce ta yi ta neman abin da za ta ba ki, kika ce ta bar shi kawai, in yaron ya girma ya riƙa ɗauko miki tsani.

In zafi ya shigo kuma sai aikin ya juya. Labulen tagogin yamma a sauke su tun kafin rana ta karkata. A goge fikafikan fanka, don kin ce fanka mai datti iska take turawa da rabin ƙarfi. A janye firji daga jikin bango ya sami wurin huci. A wanke ragar na'urar sanyaya ɗaki duk bayan mako biyu. Ba zan manta da tsohon malamin makarantar da ke hawa na sama ba, mutumin da ya koyar da lissafi shekara arba'in, kuma bai yarda akwai abin da tela za ta koya masa ba. Na'urarsa ta daina sanyi, sai ƙara da ɗigar ruwa, har ya shirya zai yar da ita ya sayi sabuwa. Kika hau kika same shi, ina biye da ke riƙe da bokiti.

"Malam, yaushe rabonka da buɗe murfin nan?"

"Buɗewa ake yi?"

Kika ɗaga murfin, kika zaro ragar, datti ya yi mata kauri kamar bargo. Kika wanke ta a banɗakinsa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, kika shanya a inuwa. Sannan kika leƙa baranda kika ga ya jibge kwalayen littattafai a jikin injin na waje, ko'ina a toshe. Kika sa shi da kansa ya kwashe su, yana haki yana gunaguni. Da aka mayar da raga aka kunna, cikin minti goma ya nemi hula. Tun daga ranar ya koma kiranki Farfesa, kuma shi ne ya fi kowa kuka ranar jana'izarki.

Ni kuwa Injiniya kike kirana, kuma duk dangi sun san zolaya ce. Ma'aikacin ofis ne ni, takarda da biro na sani. Sunan ya fito ne daga ranar da na ce zan gyara miki famfon kicin, na kwance shi ban rufe ruwa ba, muka wuni muna kwalfe ruwa har maƙwabtan ƙasa suka hauro da faɗa. Shekara ashirin da yin wannan, amma ko ƙusa na ɗauka sai ki ce a kawar da yara, Injiniya zai yi aiki. Ina dariya tare da kowa. Amma yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: abin yana yi mini ciwo. Na girma, na yi furfura, ina da mutane a ƙarƙashina a wurin aiki, amma a gabanki har yanzu ni ne yaron da ba a ba shi guduma. Na daɗe ina son in yi wani aiki guda ɗaya da hannuna wanda za ki duba ki ce, to, wannan kam ya yi.

Akwai wata doka da kika fi nanatawa fiye da duk sauran, kuma duk wanda ya taɓa bin ki zagaye ya ji ta. A kowane ɗaki na gidan nan akwai wata 'yar kafa a saman bango kusa da rufi, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, an rufe ta da murfin raga na ƙarfe mai noti huɗu. Kina gama liƙe taga da ƙofa sai ki ɗaga sandar awo ki nuna ta, ki ce: "Ƙasa ake toshewa, sama a bar ta. Ɗaki ma numfashi yake yi. Wanda ya taɓa mini wannan, ni da shi ne." Na ga ranar da kika tarar direba ya cusa jarida a tasa, kika ɗauki sandar tsintsiya kika zaƙulo ta, kika yi masa tas a gaban matarsa, har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ina tsaye a wurin. Ina latsa waya ina murmushi, ina ganin Yaya dai ta fiye faɗa. Kunnena ya ji, amma maganar ba ta shiga ba, don na ɗauka wannan fanninki ne, ba abin da zai taɓa haɗa ni da shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A farkon watan nan tari ya kama ki, sanyin bana kuma ya yi tsanani. Ranar Alhamis, tara ga wata, 'yarki ta kai ki asibiti, kuka bar mini makulli don in kawo muku tukunyar gas da aka cika. Na shiga ɗakin ɗinkinki na ajiye, na ji sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, mai tari a cikin wannan ɗaki? Sai na ga zare a kan keken ɗinki. Na tsinka taƙi ɗaya, na riƙe da yatsu biyu yadda na ga kina yi. Na bi taga, zare ya tsaya cak. Na bi ƙofa, ya tsaya cak. Na hau kujera na ɗaga shi sama kusa da rufi, sai ya kama rawa kamar zai ƙwace. Wallahi, Yaya, daɗi na ji. Na ce yau na kama abin da ya kuɓuce wa Mai Zare. Na ce tsufa ya zo mata, gwiwa ta hana ta hawa, shi ya sa ta bar wannan. Ko sau ɗaya dokarki ba ta faɗo mini a rai ba.

Na sauka na ɗauko soso a bayan motata, na aro sukundireba a akwatin kayan aikinki. Na kwance noti huɗun nan, na auna kafar da tef ɗinki, na yanka soson daidai, na cusa shi ya zauna ɗas. Na bi gefensa da salatif har sai da zare ya daina motsi. Sannan na tuna maganarki cewa aikin da aka ga ɗinkinsa bai ƙare ba, sai na mayar da murfin ragar, na ɗaure notin, na goge inda yatsuna suka taɓa bango, na mayar da kujera wurinta, na share ɓurɓushin soso. Duk wanda ya ɗaga kai daga ƙasa zai ga murfi yadda yake shekara talatin. A duk rayuwata ban taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Ban gaya miki ba, kuma da gangan ne. So nake ki fara jin ɗumin, ki yi mamaki, sannan in ce aikin Injiniya ne. Ranar Asabar kika kira ni a waya, kika ce: "Kai, ɗakin nan kwana biyu ya yi ɗumi, ko sanyin ne ya fara sauƙi?" Na yi dariya na ce wataƙila. Na ce a raina bari ta ƙara kwana biyu, yabon zai fi daɗi. Ranar Lahadi na zo gaishe ki, kika ce kanki na sarawa, jikinki ba ƙarfi, in kin fita baranda sai ki ji dama. Na ce maganin tarin ne, haka yake yi wa mutane. Ina zaune a ƙarƙashin wannan kafa lokacin da na faɗi haka. Har na ɗaga kai na dube ta ina jin daɗi a raina.

A waɗannan kwanaki masu kawo ɗinki suna ta shiga da fita, ƙofa ba ta daɗewa a rufe, shi ya sa abin bai kai ga rai ba. Ranar Talata aka wuni ana ruwa da iska mai sanyi, ba wanda ya fito. Kika kunna hita, kika rufe ƙofa, kika ja macijinki kika tare ƙasanta, kika zauna ɗinki. Kin yi komai bisa ƙa'ida, don kin san kin gwada kafar nan da zarenki a farkon sanyi, kin san a buɗe take. Ba ki da dalilin sake hawa ki duba. Kin dogara da abin da kika bari, ni kuma na ɗauke miki shi ba tare da saninki ba.

Kwana biyu bayan jana'iza aka kira mai gyaran gas ya duba ɗakin. Mutane sun cika ƙofa, ni ma ina ciki. Ya duba hita, ya duba tiyo, sannan ya nemi tsani ya hau ya kwance murfin. Ya zaro soson ya ɗaga shi sama, ya juya shi yana dubawa, ya ce: "Ga abin da ya kashe ta. Kuma wanda ya sa wannan ya iya aiki." Sai wani daga baya ya ce, to wa ya iya irin wannan aiki a gidan nan in ba ita ba? Kowa ya girgiza kai. Yabon da na shekara ashirin ina nema ya zo a bakin baƙo, a kan abin da ya kashe ki, kuma aka ɗora miki shi ya zama laifinki. Ina iya magana a lokacin, kalma biyu kawai ake buƙata. Na dubi 'yarki, na dubi autanki da ke jingine da bango idanunsa jawur, na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ba zan sa masa wani suna mai daɗi ba.

Daga ranar magana ta bazu. Waɗanda kika liƙe wa tagogi shekara da shekaru suka koma cewa dama sun san wannan toshe-toshen ba zai ƙare lafiya ba. Wata mata da kika ɗinka wa labule kyauta ta ce a gabana, wai tsufa ya taɓa miki hankali. Na ji haushinsu ƙwarai, har yanzu ma ina ji, don mutum ya ci moriyarki shekara talatin amma kwana uku ya ishe shi ya juya miki baya. Sai dai wa zan yi wa faɗa, ni da na ba su abin faɗa? Autanki, wanda saboda ƙirjinsa kika fara wannan aiki, ya tattara macizan da kika ɗinka ya zuba a bola, ya ce kada ya ƙara ganin ko ɗaya. Mutane suka shiga ɓamɓare robar tagoginsu. Matar direba ta cire komai saboda tsoro, bayan kwana biyu ƙaramar 'yarta ta kama mura mai tsanani. Ina kallo aikin rayuwarki yana rushewa hawa-hawa, sunanki ya koma abin gargaɗi ga yara, ni kuma ina zaune a tabarmar makoki ana ba ni haƙuri, ana cewa Allah sarki, ƙaninta, ya fi kowa shiga damuwa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya da hantsi, bayan baƙi sun ragu, na ce wa 'ya'yanki ina da magana. Muka zauna a falo mu uku. Na gaya musu komai yadda na rubuta shi a nan, ban rage ba, har da dariyar da na yi a waya, har da maganin tari. Autanki ya miƙe tsaye, na ɗauka duka na zai yi, kuma da ya yi da ban kare ba. Bai taɓa ni ba. Ya ce: "Kana tsaye aka ce ita ce, Kawu. Kana tsaye." Ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Har yau bai ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yarki ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, hannuwanta a kan gwiwa, zamanki sak. Can ta tashi ta shiga ɗakin ɗinki, ta fito da tef ɗinki a wuya da zare a hannu. Ta ce: "Kawu, ɗauko tsani."

Muka fara daga hawa na ƙasa. A kowace ƙofa ita ke bugawa, in an buɗe sai ta matsa gefe ta ce kawuna yana da magana. Sau goma sha ɗaya na faɗi abin da na yi da bakina, ina kallon fuskokin mutane suna canzawa. Wasu sun yi salati, wasu sun kawar da kai, tsohon malamin lissafi ya zauna a kujera ya rufe fuska da hularsa. Bayan na gama magana sai ta sa in hau tsani in kwance murfin kafar iskar kowane ɗaki, in zura hannu, in ɗaga zare kowa ya ga yana rawa. A sassa biyu mun tarar da ita a toshe: ɗaya da tsumma, ɗaya da sheƙar tsuntsu da ta cika ta taf, kuma duka biyun suna kunna hitar gas da yara a ɗaki. Muka buɗe. Sannan ita ta bi tagogi da ƙofofi ta nuna musu abin da za su mayar, ta ce wannan na Mama daidai ne, ku mayar da shi, ƙasa ake toshewa, sama a bar ta. Da yamma na ga matar direba a bakin bola tana zaro macijin nan mai launin shuɗi tana kakkaɓe shi.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin an ce Mai Zare ce ta toshe ɗakinta, ya koma ya gaya wa wanda ya gaya masa cewa ba ita ba ce, ƙaninta ne. Ina kuma roƙon duk wanda ke kunna wuta a ɗaki don jin ɗumi, gas ne ko kananzir ko gawayi, ya ɗaga kai yau ɗin nan ya tabbata akwai inda iska ke shiga da fita, kada ya yarda da ganin murfi daga ƙasa. In kai na sarawa a ɗaki amma a waje sai a ji dama, a kashe wutar a buɗe taga, kada a ce magani ne. Wanda kuma zai yi wa wani gyara a gidansa don ƙauna, ya gaya masa abin da ya taɓa, tun kafin ya sauko daga kan kujera.

Na san rai na hannun Allah, na san ba wanda ke wuce lokacinsa. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma sanin haka bai ɗauke mini nauyin hannuna ba, ban kuma roƙi a ɗauke mini ba. Zan yi abin da addini ya ɗora wa wanda rai ya salwanta ta sanadinsa bisa kuskure, sauran kuma ina jiran hukuncin 'ya'yanki, duk yadda suka yanke.

Ya Allah, ka jiƙan Yayata, ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta ka haskaka shi. Ta kare bayinKa daga sanyi da zafi iyakar ƙarfinta ba tare da ta nemi lada a wurinsu ba, ka saka mata da inuwarKa ranar da zafi zai kai maƙura, ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta da autanta, ga jikokinta uku, ga sauran danginmu, da mutanen gidan nan da ta ɗauka tamkar nata. Allah ya ba ku haƙurin rashinta, ya kuma ba ku haƙurin zama da ni in kun iya. Ke kuma Yaya, ban san ko ana jin roƙon mai rai a inda kike ba, amma ina roƙo: ki yafe wa Injiniya.

'Yarki ta ce akwai gidaje huɗu a layin da kika saba zagayawa, ranar Asabar za mu fara da na farko. Har yanzu ba ta ce ta yafe mini ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ba ta dubana in muna tafiya, ba ta yi mini magana sai ta aiki. Amma duk lokacin da na hau tsani, ina jin hannuwanta biyu a ƙasa sun riƙe shi gam.